Marigayi Dokta Barau Dikko (1912–1977): Tawali'u a Kan Kujerar Iko

Duk ɗan Wusasa da ke zaune a Kaduna ya san Asibitin Barau Dikko, wanda a yau shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Kaduna. Sai dai kaɗan ne cikin matasanmu za su iya faɗin ko wane ne mai sunan. Saboda haka a fitowar bana muka ga ya dace mu waiwayi tarihin wannan dattijo, musamman yadda ya riƙe iko sa'ad da ya zo hannunsa, da yadda ya sake shi da lokaci ya yi.

An haifi Russel Aliyu Barau Dikko a ƙasar Zazzau a 1912. Bafulatani ne, kuma Kirista. Ya fara karatu a makarantar mishan ta CMS a ƙarƙashin Dokta Walter Miller, wato mishan ɗin da ya fara zama cikin birnin Zariya kafin a mayar da shi Wusasa a 1929. Daga nan ya wuce King's College ta Legas, sa'an nan Jami'ar Birmingham a Ingila, inda ya karanta aikin likita. Shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama likita. Ya kama aikin gwamnati a 1940 a matsayin ƙaramin likita, ya zama babban likita a 1953, daga baya kuma ya shugabanci sashen yaƙi da cututtukan da suka yi kaka-gida a ƙasa, a Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa.

A 1948, 'yan bokon Arewa da ke Zariya da Kaduna suka fara taruwa don tattauna makomar yankinsu, kuma Dokta Dikko na cikin waɗanda suka jagoranci wannan yunƙuri. Daga tarurrukan nan ne aka sami Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda da fari ƙungiyar al'adu da ci gaba ce. A babban taronta na Kaduna cikin watan Yuni na 1949, aka zaɓe shi shugaba. Cikin abokan tafiyarsa akwai Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, da Malam Aminu Kano, da Malam Sa'adu Zungur, da Malam Yusuf Maitama Sule. Abin lura shi ne, taron da akasarinsa Musulmi ne, cikinsu har da malaman addini, ya ɗora Kirista a kan gaba. Ba a ba mutum irin wannan amana sai an ga natsuwarsa, an kuma tabbata ba zai mai da kujerar abin taka wasu ba.

Gwaji ya zo a watan Oktoba na 1951, lokacin da aka mayar da ƙungiyar jam'iyyar siyasa, wato NPC. Doka ba ta yarda ma'aikacin gwamnati ya riƙe muƙamin siyasa ba. Hanya biyu ce a gabansa: ya ajiye aikin asibiti ya ci gaba da jan ragamar jam'iyyar da ke dab da karɓar mulkin Arewa, ko kuwa ya sauka. Dokta Dikko ya sauka, ya tsaya ga majiyyata, a zamanin da likitoci 'yan ƙasa ba su taka kara sun karya ba a Arewa. Jam'iyyar da ya bari ita ce ta ba da Firimiyan Arewa, Sardauna Ahmadu Bello, a 1954, da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1957. Shi kuwa shugabanta na farko ya ci gaba da aiki a ƙarƙashin gwamnatinta, yana karɓar umurni daga ministocinta.

A 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, Janar Yakubu Gowon ya naɗa shi Kwamishinan Tarayya na Ma'adinai da Wutar Lantarki, ma'aikatar da harkar man fetur ke ƙarƙashinta a wancan lokaci. A 1971 aka mai da shi Ma'aikatar Sufuri. Gowon a Wusasa ya tashi, kuma Dokta ya girme shi da shekara 22. A al'adarmu ɗa ne a wurinsa, amma da ƙasa ta buƙaci aikinsa, ya zauna a majalisar da wannan ɗa ke shugabanta. Ya rasu a 1977.

Wannan hali shi ne Littafi Mai Tsarki ke kira tawali'u. Bisharar Matiyu, sura 5, ta lasafta masu shi cikin masu albarka, kuma wasiƙar Bulus zuwa ga Galatiyawa ta sa shi cikin 'ya'yan Ruhu. Mutane da yawa na ɗaukarsa rauni ne ko tsoro. Amma Musa, wanda Littafin Ƙidaya ya shaida tawali'unsa, shi ne ya tsaya gaban Fir'auna. Ubangiji Yesu kuma, da dukan ikonsa, ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa. Mai tawali'u yana da ƙarfin, sai dai ya sa masa linzami. Hausawa ma sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

'Yan'uwa mazauna Abuja, Legas, Kano da Kaduna, da dama cikinmu Allah ya ɗora mu a kan wata kujera: darakta, hafsan soja, shugaban makaranta, dattijon ikilisiya, ko jami'in reshen ƙungiyarmu ta gida. Masinja da direba da mai neman sa hannu su ne suka fi kowa sanin ko mai kujera na da tawali'u. Haka nan idan wa'adi ya cika, a miƙa ragama cikin lumana, a kuma mara wa magaji baya ko da ƙane ne ko ɗa. Allah ya ba Dokta Barau Dikko hutawa, ya ba mu irin zuciyarsa. Amin.