Kanajeji: Sarkin Kano da ya fara sa wa dawaki lifidi

Duk wanda ya taɓa tashi daga Baure ya je Daura kallon hawan Sallah ko na Gani ya san 'yan lifidi: mahaya da dawakinsu sanye da rigunan ɗinki masu kauri da launuka iri-iri. Yau ado ne. Amma asalinsa kayan kare rai ne, kuma tarihi ya danganta shigowarsa ƙasar Hausa da Sarkin Kano Kanajeji.

Kanajeji ɗa ne ga Sarki Yaji, wanda a zamaninsa Wangarawa suka zo Kano da Musulunci daga ƙasar Mali. Sunan mahaifiyarsa Aunaka. Shi ne sarki na 13 a jerin sarakunan gidan Bagauda, wanda labarin gargajiya ke cewa jikan Bayajidda ne na Daura. Ya hau gadon sarauta a 1390 bayan Bugaya, ya yi shekara 20 yana mulki.

Kundin tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya nuna shi mayaƙi ne da ba ya zaman gida. Ya sa Kwararrafa sun biya shi haraji da bayi 200, daga baya ya riƙa aika musu dawaki suna aiko masa bayi.

Yaƙin da ya fi ba shi wuya shi ne na Umbatu, inda Kanawa suka yi asarar mutane da yawa. Wannan asara ce ta sa ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke.

Yadda ake yin lifidi shi ne a shimfiɗa ƙyalle biyu, a cusa auduga ko audugar rimi a tsakani, a bi da ɗinki layi-layi don kada cushen ya taru wuri guda. Kibiya idan ta same shi sai ƙarfinta ya mutu kafin ta kai fata. Illarsa nauyi da zafi, ga saurin kama wuta.

Sai dai lifidi bai kawo nasara nan take ba. Kanajeji ya sake komawa Umbatu har sau biyu bai yi nasara ba. Daga ƙarshe ya kafa sansani shekara biyu ya hana su noma, yunwa ta sa suka miƙa wuya.

Da ya juya kan Zazzau, aka kore shi a Turunku. Kundin ya ce a nan ne ya karɓi shawarar Sarkin Tsibiri, ya farfaɗo da tsafin kakanninsa, duk da cewa a gidan Musulunci ya tashi. Ya koma yaƙin, aka kashe Sarkin Zazzau, ya zauna kusa da Shika wata takwas. Wannan ya nuna yadda sarakunan lokacin ke tsaye tsakanin sabon addini da tsohuwar al'ada.

Ya rasu a 1410. 'Ya'yansa uku sun yi sarauta a jere: Umaru, wanda ya ajiye mulki ya koma ibada, sai Dauda, sai Abdullahi Burja, kakan Muhammadu Rumfa.

Lifidi ya daɗe a fagen fama har zuwan Turawa, daga ƙasar Hausa zuwa Borno da Bagarmi da Sudan. Gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan yana ajiye da lifidin doki na Sudan na ƙarni na 19. A Kano kuwa, Gidan Makama, wanda ake dangantawa da Rumfa, shi ne gidan tarihin da ake zuwa ganin kayan yaƙin da. Masarautu da dama har yanzu suna naɗa Sarkin Lifidi, mai jagorantar wannan runduna ranar hawa.