Jean-Baptiste André Godin, maƙerin da ya gina wa ma'aikatansa fada a garin Guise

A arewacin Faransa, cikin gundumar Aisne, ba nisa da iyakar Beljik, akwai wani ƙaramin gari a bakin kogin Oise mai suna Guise, ana furta shi Gwiz. Mazaunansa ba su cika 5000 ba a yau, alhali a ƙarshen ƙarni na 19 sun haura 8000. Gida da haya suna da araha a can idan aka gwada da Paris, sai dai arahar tana da dalili: aikin masana'anta da ya tara jama'a a garin ya ja baya, matasa da dama kuma sukan fita neman abinci a wasu wurare. Baƙon da ya shiga garin zai tarar da wasu manyan benaye na jan bulo masu kama da fadar sarki, waɗanda tun farko leburori aka gina wa su. Sunan wurin Familistère, wanda ya gina shi kuwa Jean-Baptiste André Godin ne, ɗan maƙeri da ya bar makaranta yana yaro.

Daga maƙera zuwa masana'anta

An haifi Godin ranar 26 ga Janairun 1817 a ƙauyen Esquéhéries, a cikin wannan gunduma ta Aisne. Mahaifinsa maƙeri ne mai aikin kwaɗo da makulli. Yana da shekara 11 ya bar aji ya shiga maƙerar uban. A 1835 ya bi al'adar masu sana'ar hannu na ƙasarsa, wato yawon koyon aiki daga gari zuwa gari, ya shafe kimanin shekara biyu yana zagaya Faransa tare da wani ɗan uwansa. A wannan tafiya ya ga yadda ma'aikata ke rayuwa: aiki tun asuba har dare, lada kaɗan, iyali guda a cunkushe cikin ɗaki mai duhu da laima. Shi kansa a irin waɗannan ɗakuna ya kwana, abin kuma bai bar zuciyarsa ba har ƙarshen rayuwarsa.

A 1840 ya auri Esther Lemaire, ya buɗe tasa ƴar maƙera. A ƙasar da sanyin hunturu ke kisa, kowane gida yana buƙatar murhun ɗumama ɗaki, kuma a lokacin da fallen ƙarfe, wato tol, ake ƙera shi. Godin ya koma yin sa da ƙarfen zubi: a narka ƙarfe a zuba cikin mazubin rairayi, kamar yadda masu zubin tukunya suke yi. Irin wannan murhu ya fi riƙe zafi, ya fi ƙarko, kuma ana iya fitar da ɗaruruwa iri ɗaya. Ya karɓi takardar mallakar fasahar a wannan shekara. Kasuwa ta buɗe, ƙauyen ya yi masa kaɗan, sai a 1846 ya kwashe aikin zuwa Guise da ma'aikata kusan 30. Masu kwaikwayon kayansa sun dame shi da jabu, ya yi ta shari'a da su, ya kuma riƙa fito da sababbin samfura don ya kasance a gabansu. A shekarun 1850 ya buɗe reshe a Beljik, wanda daga baya ya zauna a Laeken, gefen birnin Brussels.

Asarar da ya yi a Texas

Tun 1842 Godin ya ci karo da tunanin Charles Fourier ta hanyar wani rubutu a jaridar yankinsu. Fourier ya yi kira ga mutane su zauna tare cikin babban gini guda, su haɗa jari da aiki da basira, su raba amfanin. Godin ya shiga sahun almajiransa. Lokacin da jagoransu Victor Considerant ya tashi kafa irin wannan mazauni a Texas ta Amurka, kusa da Dallas, Godin ya zuba faran dubu 100 a 1854, kusan kashi ɗaya cikin uku na dukiyarsa. Cikin ƴan shekaru shirin ya wargaje: ƙasar ba ta yi noma yadda aka zata ba, yawancin waɗanda suka je ba manoma ba ne, ga kuma rashin jituwa. Kuɗinsa suka salwanta.

Darasin da ya ɗauka shi ne, irin wannan zama ba ya tsayuwa sai da sana'a mai kawo kuɗi a ƙarƙashinsa, kuma ba zai sake damƙa wa wani aiwatar da shi ba. Sana'ar tana hannunsa. Sai ya sayi fili a ƙetaren kogin Oise, daura da masana'antarsa, ya zana ginin da kansa ko da yake bai taɓa karatun zanen gini ba.

Yadda ake zama a Familistère

An fara ginin a 1859. Ɓangaren hagu ya kammala a 1860, na tsakiya a tsakiyar shekarun 1860, na dama kuma a ƙarshen shekarun 1870, sannan aka ƙara wasu benaye biyu a farkon shekarun 1880. Gaba ɗaya an samu gidaje kusan 500, mazauna kuma sun wuce 1700 a lokacin rasuwarsa. Kowane ɗaya daga manyan ɓangarorin uku ya kewaye tsakar gida mai faɗi da aka rufe da gilashi, haske na shiga, ruwan sama da ƙanƙara ba sa shiga. Ƙofofin gidaje suna buɗewa kan baranda da ke zagaye tsakar gidan a kowane hawa.

Godin ya yi la'akari da cewa ba za a iya mai da kowane ma'aikaci attajiri ba, amma ana iya ba shi abin da kuɗi ke saya wa attajiri: iska mai kyau, haske, sarari, ruwa, tsabta, da ilimin ƴaƴa. Saboda haka kowane gida yana da taga ta waje da ta tsakar gida don iska ta ratsa. A kowane hawa akwai famfo da makewayi da ramin zuba shara da ke gangarawa ƙasa. An hana wanki cikin ɗaki saboda laima, aka gina gidan wanki a bakin kogi mai amfani da ruwan zafin da ke fitowa daga masana'anta. A nan ne kuma aka yi wurin iyo wanda ake iya ɗaga ƙasansa don yara su koya ba tare da nutsewa ba.

Ba kyauta ake zama ba. Kowa na biyan haya gwargwadon faɗin gidansa da hawan da yake, kuma ba a tilasta wa ma'aikaci ya tare. Injiniya da lebura maƙwabtan juna ne, Godin kansa a cikin ginin ya zauna. Akwai kantuna da ke sayar da burodi da nama da kayan masarufi, ribarsu tana komawa ga jama'ar wurin. Akwai asusun jinya da magani da na tsufa, wanda wakilan da ma'aikata suka zaɓa ke kula da shi.

Yara ne suka fi cin moriya. An buɗe gidan reno a 1866, inda ake kwantar da jarirai a kan shimfiɗar dusa mai tsotse fitsari, uwa kuma ta samu damar yin aikinta. Makaranta da gidan wasan kwaikwayo suka biyo baya wajen 1870. Karatu kyauta ne kuma dole, maza da mata a aji guda har shekara 14, tun kafin dokokin 1881 da 1882 su mai da ilimin firamare kyauta kuma wajibi a faɗin Faransa. Daga 1867 mazauna wurin suka riƙa yin bikin ma'aikata a Lahadin farko ta watan Mayu, shekaru da dama kafin 1 ga Mayu ta zama ranar ma'aikata ta duniya.

Rikicin gida da zargin waje

Wadda ta riƙe sashen reno da makaranta ita ce Marie Moret, ƴar dangin Godin, wadda ta zama abokiyar aikinsa mafi kusa. Wannan kusanci ya rusa aurensa. A 1863 Esther Lemaire ta nemi rabuwa a kotu, shari'ar rabon dukiya ta ja har 1877, ta ci kuɗi masu yawa, ta kuma jinkirta ginin ɓangaren dama. Dangantakarsa da ɗansa tilo, Émile, ita ma ta yi tsami a kan dukiya da makomar kamfanin. Sai a 1886, bayan rasuwar Esther, ya auri Marie Moret.

A waje ma bai tsira ba. Ƴan kasuwar Guise sun ga kantunan Familistère sun janye musu masu saye. Malaman coci ba su so makarantar da ke haɗa maza da mata ba tare da hannunsu a ciki ba. Wasu ƴan gurguzu kuwa suna ganin dabara ce ta ɗaure ma'aikaci ga maigida, tunda wanda ya rasa aiki zai iya rasa gida. Zargin yana da tushe ta wani gefen. A ginin da kowace ƙofa ke kallon tsakar gida, babu abin da ke ɓoyuwa ga maƙwabta, akwai kuma dokoki da tara ga mai karya su.

Su kansu ma'aikatan ba kullum suka bi shi ba. Tsakanin 1867 da 1872 ya gwada barin su zaɓi waɗanda suka fi cancantar tukuici ta hanyar ƙuri'a, sai da yawa suka zaɓi abokansu ko suka shirya raba kuɗin daidai. A 1877 ya kafa ƙananan kwamitoci don su ba da shawara kan tafiyar da aiki, yawanci ba su nuna sha'awa ba, shirin ya mutu.

Ya taɓa siyasa: ya shugabanci hukumar garin Guise a 1870, lokacin yaƙin Faransa da Jamusawa, ya zama ɗan majalisar dokoki daga 1871 zuwa 1876. A 1871 ya wallafa littafinsa Solutions sociales, a 1878 kuma ya kafa jarida mai suna Le Devoir.

Miƙa kamfani ga ma'aikata

Babban matakin rayuwarsa ya zo ranar 13 ga Agustan 1880, da ya mai da masana'antar da gidajen mallakar wata ƙungiyar gama kai ta jari da aiki. Tsarin shi ne, kason ma'aikaci na ribar shekara ba a ba shi a hannu, ana ba shi takardar hannun jari, kuɗin kuma a biya Godin jarinsa da su. Da haka mallakar kamfanin ta riƙa komawa hannun ma'aikata sannu a hankali.

Membobin suna da matakai. Na sama su ne waɗanda suka kai shekara 25, suka zauna a Familistère aƙalla shekara biyar, kuma ƴan uwansu suka amince da su. Su ne ke da ƙuri'a a babban taro, kasonsu na riba kuma ninki biyu ne. Ƙasa da su akwai matakai biyu masu ƙaramin kaso, sai na ƙarshe, ma'aikatan da ke amfana da asusun jinya da tsufa kawai.

Godin ya rasu ranar 15 ga Janairun 1888 a Guise, kwanaki kaɗan bayan rasuwar ɗansa Émile. Ya bar wa ƙungiyar kaso mai tsoka na dukiyarsa, aka binne shi a lambun Familistère. Marie Moret ta riƙe shugabanci na ƴan watanni, sannan ta miƙa wa François Dequenne.

Abin da ya saura a Guise

Ƙungiyar ta rayu shekara 80 bayansa. Ta tsallake yaƙin duniya na farko, wanda a cikinsa ɓangaren hagu na ginin ya ƙone a 1914 aka sake gina shi bayan yaƙi, ta kuma tsallake na biyu. Sunan Godin ya zama kamar sunan murhu a gidajen Faransa. Amma matakan da ya tsara don ma'aikaci ya hau sun koma shinge. Gida da matsayi suka zama kamar gado, ƴaƴan mazauna ke samun fifiko, ma'aikatan da ke zaune cikin gari suna kallon na Familistère a matsayin ƴan gata. Bayan yaƙin duniya na biyu mutane suka koma ɗumama gida da gas da mai da lantarki, kasuwar Turai ta buɗe ga abokan gasa, kamfanin kuma bai sabunta injunansa da sauri ba.

A 1968 aka rusa ƙungiyar. Masana'antar ta koma kamfanin hannun jari na yau da kullum, ta shiga hannun Le Creuset, daga 1988 kuma Cheminées Philippe. An sayar da gidajen ɗaya bayan ɗaya, kantunan suka rufe, ginin ya fara lalacewa. A 1991 gwamnati ta sanya shi cikin gine-ginen tarihi da doka ke karewa, a 2000 hukumomin gunduma da na gari suka ƙaddamar da shirin gyara mai suna Utopia.

Yau wani sashe na Familistère gidan tarihi ne da baƙi ke ziyarta, wani sashen kuma har yanzu iyalai na zaune ciki. Makarantar tana karɓar yara, gidan wasan yana aiki, ana kuma taruwa a wurin kowace ranar 1 ga Mayu. Ana ci gaba da ƙera murhu da sunan Godin a ƙetaren kogin, da ma'aikata kaɗan idan aka tuna sama da dubu da suka taɓa cika wurin. Godin ya ɗora gida da makaranta da jinya da fansho duka a kan masana'anta guda, tsarin ya ɗauki iyalai har jikoki da tattaɓa-kunne muddin murhu na sayuwa. Da kasuwar ta juya, gine-ginen suka tsaya, albashin da ke biyan hayarsu ya ragu. Abin da ke gaban hukumomin Guise a yanzu shi ne samo aikin da zai riƙe mutane a garin da gida ke da araha, kuma baƙin da ke zuwa kallon ginin Godin suna cikin hanyoyin da suke dogaro da su.