Ernst Chain: Masanin da ya gano yadda ƙwayoyin cuta ke lalata fenisilin

Tun kafin a fara yi wa majinyata allurar fenisilin a Oxford, ɗaya daga cikin masanan da suka samar da maganin ya riga ya gano abin da zai karya lagonsa. Wannan masani shi ne Ernst Boris Chain.

An haife shi a Berlin ranar 19 ga Yunin 1906, kuma a can ya karanci kimiyyar sinadarai. Da yake Bayahude ne, sai ya tsere zuwa Ingila a 1933 bayan Hitler ya karɓi mulki. Mahaifiyarsa da 'yar uwarsa da ya bari a Jamus sun halaka a hannun 'yan Nazi.

A 1935 Howard Florey ya ɗauke shi aiki a Jami'ar Oxford. Nan ne ya tono rahoton da Alexander Fleming ya wallafa a 1929 kan fenisilin, wanda aka yi watsi da shi saboda wahalar tace sinadarin. A watan Mayun 1940 tawagarsu ta gwada maganin a kan ɓeraye takwas da aka sa wa cuta. Huɗun da ba a ba su ba duk suka mutu.

A watan Disambar shekarar, Chain da Edward Abraham suka bayyana a mujallar Nature cewa bakteriyar E. coli na samar da wani sinadari, wato enzayim, da ke lalata fenisilin. Suka raɗa masa suna penicillinase. Aikinsa shi ne tsinka wani ɗan zobe da ke jikin maganin, wanda ake kira beta-lactam. Da zarar zoben ya tsinke, maganin ba zai iya hana bakteriya gina bangon jikinta ba.

An ba Chain kyautar Nobel a 1945 tare da Fleming da Florey. Kafin ƙarshen shekarun 1940, bakteriyar Staphylococcus mai ɗauke da irin wannan enzayim ta bazu a asibitoci, fenisilin ya daina yi wa majinyata da dama aiki.

Daga birnin Rum, inda ya koma a 1948, ya riƙa bai wa kamfanin Beecham shawara. Binciken kamfanin ne ya samar da methicillin, maganin da enzayim ɗin bai iya lalatawa. Sai dai a 1961 aka samu bakteriyar da ta bijire masa ta wata hanya daban.

Chain ya rasu a Ireland ranar 12 ga Agustan 1979. A yau an san dubban ire-iren waɗannan enzayim, ciki har da NDM-1, wanda ke lalata carbapenem, magungunan da likitoci ke ajiyewa sai ciwo ya gagara. Shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai na ƙara ba bakteriya masu ɗauke da su damar yaɗuwa.