Bruce Lee: Ɗan ci-ranin da Hollywood ta hana zama jarumi, sai da ya koma gida

A zamanin da gidajen sinima ke cika a Yamai, Maraɗi da Damagaram, sunan Bruce Lee yana cikin sunayen da kowane yaro ya sani. Amma kafin ya kai wannan matsayi, sau biyu ana rufe masa ƙofa saboda asalinsa.

An haife shi ranar 27 ga watan Nuwamba 1940 a birnin San Francisco na Amurka, lokacin da mahaifinsa Lee Hoi-chuen, ɗan wasan daɓe, ke rangadi a ƙasar. Yana jariri iyayensa suka koma da shi Hong Kong, wadda ke ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila. A can ya tashi, kuma tun yana yaro ya fito a fina-finai kusan 20.

Da ya zama saurayi ya shiga koyon salon faɗa na Wing Chun a wajen malam Ip Man. A nan ya fara gamuwa da wariya. Mahaifiyarsa Grace Ho tana da jinin Turawa, don haka wasu ɗalibai suka ƙi yin atisaye da shi, domin a ganinsu wannan ilimi na ƴan Sin ne zalla.

A shekarar 1959 ya tafi Amurka, ya zauna a Seattle yana aiki a gidan abinci yana karatu. Da ya fara koyarwa, bai tambayi kowa launin fatarsa ba. Ɗalibinsa na farko, Jesse Glover, baƙar fata ne. Babban amininsa Taky Kimura ɗan asalin Japan ne. A 1964 ya auri ɗalibarsa Linda Emery, Baturiya.

A wancan lokaci Hollywood ta saba nuna ɗan Sin a matsayin bara ko mugu. In kuma rawar babba ce, sai a yi wa Bature kwalliya ya taka ta, kamar yadda Warner Oland, haifaffen Suwidin, ya yi shekaru yana fitowa a matsayin Charlie Chan. Bruce Lee ya samu shiga shirin talabijin na The Green Hornet a 1966, amma a matsayin Kato, direban jarumi, fuskarsa rufe. Da aka zo shirin Kung Fu na 1972, David Carradine, Bature, aka bai wa rawar jarumin. Matar Bruce Lee ta ce tunanin shirin na mijinta ne, kamfanin kuma bai amince da haka ba.

Kafin shirin ya fito, Bruce Lee ya riga ya koma Hong Kong, inda ya sa hannu da kamfanin Golden Harvest na Raymond Chow. Fim ɗinsa The Big Boss na 1971 labarin ƴan ci-rani ne da ake zalunta a wata masana'antar ƙanƙara a Tailan, kuma ya kafa tarihin ciniki a Hong Kong. A Fist of Fury na 1972 ya fito a matsayin ɗalibin da ke rama wulaƙancin da ake yi wa ƴan Sin a Shanghai, har ya farfasa allon da ya hana su shiga wani lambu. Wannan ne ya sa talakawa a ƙasashen da suka ɗanɗani mulkin mallaka, da baƙaƙen fatar Amurka, suka ɗauke shi nasu. A Way of the Dragon, wanda ya rubuta kuma ya ba da umarni, ya kara da Chuck Norris a birnin Rum.

Sai a lokacin Hollywood ta biyo shi. Kamfanin Warner Bros ya shiga haɗin gwiwar shirya Enter the Dragon, inda Bruce Lee ya ja gaba, tare da John Saxon da Jim Kelly, baƙar fata zakaran karate, wanda daga wannan fim ya zama tauraro.

Bruce Lee bai ga fitowar fim ɗin ba. Ya rasu a Hong Kong ranar 20 ga watan Yuli 1973 sakamakon kumburin ƙwaƙwalwa, yana da shekara 32. An binne shi a Seattle. Fim ɗin Game of Death da ya bari bai kammala ba ya fito a 1978, ciki har da karawarsa da ɗalibinsa Kareem Abdul-Jabbar. Ƙofar da ya buɗe ce Jackie Chan, Jet Li da Michelle Yeoh suka bi daga baya.