Oshodi Tapa: Banufen da ya riƙe bakin ruwan Ikko

Babu ɗan kasuwarmu da bai san Oshodi ba. Ko daga Agege mutum ya taso, ko daga nan Ebute Metta, wata rana sai mota ta sauke shi a can. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa unguwar ta ci sunan gidan wani mutum ne da ya rasu tun 1868, kuma mutumin nan ɗan Arewa ne. Sunansa Landuji. Oshodi sarautarsa ce, Tapa kuwa shi ne sunan da Yarbawa ke kiran Nufawa da shi. Wato dai Oshodi Banufe. Shi ne sarkin yaƙin Oba Kosoko, kuma a shekarun da gidan sarautar Ikko ya dare biyu ana yaƙin basasa, tsaron tsibirin da mashigan ruwansa a hannunsa suke.

Yadda ya iso Ikko, magana biyu ake yi. Zuriyarsa na cewa ɗan sarautar Nupe ne da ya zo da ƙafarsa. Ɗaya ruwayar, wadda ta fi yawo a littattafan tarihi, ta ce yaro ne da aka kawo bakin teku za a loda shi a jirgin Turawan Fotugal, sai ya kuɓuce ya faɗa fadar Oba Oshinlokun neman mafaka. A wajen mutumin Ikko na wancan zamani bambancin ba shi da yawa: baƙo ne, ba shi da dangi a garin, ba shi da kowa sai sarki. Irin wannan yaro kuwa shi sarakuna suka fi amincewa da shi, a Ikko ne ko a Kano, domin ba ya da haƙƙin gadon sarauta balle ya yi kwaɗayinta.

Oshinlokun ya tura shi Barazil tare da wani yaron fada mai suna Dada Antonio, su koyo harshen Fotugal da yadda Turawa ke lissafin ciniki. Da suka dawo, su ne suka zama bakin sarki a wajen fataken jirgi, su ke karɓar kuɗin fito. A nan ya kamata mu faɗi abin da masu yabonsa ke tsallakewa. Hajar da ake fitarwa daga Ikko a lokacin mutane ce. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 da rushewar daular Oyo sun cika kasuwannin kudu da kamammu, Yarbawa da Nufawa da Hausawa da Barebari, akasarinsu Bahiya ta Barazil aka kai su. A Bahiyan nan ne Hausawa suka shirya tawaye a 1807, bayi Musulmi kuma suka yi babban borensu a 1835. Wasu cikinsu ta wannan bakin ruwa suka wuce, kuma a kan fiton irinsu Tapa ya yi arziki. Idan ruwaya ta biyu ce gaskiya, to yaron da ya tsere wa jirgi shi ya girma yana ƙidaya waɗanda ake lodawa.

Rikicin sarautar kuwa na cikin gida ne. Kosoko ɗan Oshinlokun ne, yana ganin gadon nasa ne, amma babban mai naɗin sarki, Eletu Odibo, ya yi ta tare masa hanya saboda tsohuwar gaba da ke tsakaninsu kan wata mace. Aka naɗa Oluwole, Kosoko ya tayar da faɗa aka ci shi, ya gudu Wida. Gabar ta kai har Eletu Odibo ya sa aka tone ƙasusuwan uwar Kosoko aka watsa a tafki. A 1841 tsawa ta faɗa wa rumbun albarushin fada, Oluwole ya mutu a ciki, aka naɗa Akitoye, baffan Kosoko. Akitoye ya nemi sulhu, ya kira ɗan ɗan'uwansa gida, ya ba shi sarautar Oloja ta Ereko. Sulhun bai yi ƙarko ba.

A watan Yuli na 1845 mutanen Kosoko, Tapa na gabansu, suka yi wa fada ƙawanya har mako uku. Waɗanda ke ciki ruwan sha ya ƙare musu suka koma shan ruwan gishiri, shi ya sa Yarbawa ke kiran yaƙin Ogun Olomiro, yaƙin ruwan gishiri. Da Akitoye ya ga babu sauran dabara sai ya shiga kwale-kwale ya nufi arewa ta tafki. Hanyar fita ɗaya ce, mashigin Agboyi, can wajen Ketu, kusa da hanyar da muke bi zuwa kasuwar Mile 12. Tapa ne ke tsaron wurin. Ya bar shi ya wuce. Da ya koma gaban Kosoko sai ya ce masa Akitoye asiri ya yi musu, barci ya kwashe mayaƙa har ya ɓace.

A ganinmu duk rayuwar mutumin nan babu inda hankalinsa ya fito kamar wannan wuri. Ya san halin ubangidansa. Eletu Odibo da ya faɗa hannu, a cikin gangar manja aka sa shi, aka toshe, aka cinna wuta aka jefa a tafki. Da Akitoye aka kama, da wuya ya tsira, kuma jinin sarki, baffa ga mai ci, ba abu ne da gari ke mantawa ba. Tapa ya ci wa Kosoko yaƙi, sannan ya hana shi abin da zai bi shi har kabari. To amma fa shawarar nan tana da tsada. Akitoyen da aka bari ya je Abeokuta, daga can ya sauka Badagry, inda Madam Tinubu ke mara masa baya, kuma daga Badagry ne ya aika wa Turawan Ingila cewa su mayar da shi gadonsa, shi kuma zai hana cinikin bayi. Ƙofar da Tapa ya bari a buɗe ta nan Bature ya shigo.

Ranar 20 ga Nuwamba 1851 jakadan Ingila, John Beecroft, ya zo fada da takardar yarjejeniya. Tapa ne ya yi magana a madadin Kosoko. Ya ce Ikko ƙarƙashin Sarkin Bini take, don haka ba su da hurumin sa hannu a irin wannan takarda sai da yardarsa. Amsa ce ta mai neman jan lokaci, Beecroft ma ya gane. Bayan kwana biyar ya dawo da jirgin yaƙi mai suna Bloodhound da ƙananan jirage ɗauke da mutum wajen ɗari uku, yana zaton da an ga hayaƙin jirgi gari zai watse. Jirgin ya kafe a yashi. Waɗanda suka sauka suka tarar kowane lungu da bindiga, suka ƙona 'yan gidaje suka ja da baya, an kashe musu hafsoshi biyu.

Wata guda Tapa ya samu kafin su dawo, bai kuwa ɓata shi ba. Wanda ya san ruwan nan zai gane dabararsa. Tafkin Ikko ba shi da zurfi, babban jirgi ba ya iya bin ko'ina sai ta 'yar hanya guda da ke kusa da gaɓar tsibirin. Sai aka haƙa rami mai tsawo a bakin gaɓar, aka yi masa ganuwa da kututturan kwakwa da ƙasa, aka kafa turaku a cikin ruwa don kada kwale-kwalen abokan gaba su iya matsowa, aka jera igogi daidai inda dole jirgi ya rage gudu. Bayan ganuwar kuma dubban masu bindigar toka.

Ranar Juma'a 26 ga Disamba aka gwabza. Jirgin Teazer ya kafe a gaban igogin Ikko, mutanensa suka sha wuta wajen ƙoƙarin ciro shi. Ranar farko dai Turawa ba su ci komai ba. Washegari suka daina neman sauka, suka tsaya daga nesa suna harba roka cikin gari, ɗaya ta faɗa rumbun albarushi. Gari na jinka, ga iskar hunturu. Wutar ta cinye babban ɓangare na Ikko, abin harbi kuma ya ƙare. Kafin Lahadi 28 ga wata Kosoko da Tapa da mutanensu sun shiga kwale-kwale sun yi gabas. Turawa sun ƙirga mutum 15 da aka kashe musu, 75 suka ji rauni, kuma shugaban harin, Kyaftin Jones, da kansa ya yaba tsarin tsaron a rahotonsa. Yarbawa suka sa wa yaƙin suna Ogun Agidingbi, saboda rugugin igwa. Ranar 1 ga Janairu 1852 Akitoye ya sa hannu a takardar da Kosoko ya ƙi.

Hana cinikin mutane alheri ne, ko daga hannun wa ya zo. Sai dai Akitoye ma ba baƙon wannan ciniki ba ne, kuma ba a cika shekara goma ba, ranar 6 ga Agusta 1861, aka tilasta wa ɗansa Dosunmu ya miƙa Ikko ɗungurungum ga Ingila.

Masu gudun suka sauka Epe da izinin Awujale na Ijebu. Ba zaman makoki suka yi ba, gwamnati suka kafa. Suka riƙe gabashin tafki, suka buɗe tasoshin teku a Lekki da Palma, wato Orimedu, suna karɓar fito, suna tare kwale-kwalen da ke kai manja Ikko idan suka ga dama. Musulmi da yawa sun bi Kosoko wannan hijira, abin da ya mayar da Epe garin malamai ke nan har yau. A watan Agusta 1853 suka kawo wa Ikko hari, jiragen Ingila suka kore su. Daga nan aka koma teburi. Ranar 28 ga Satumba 1854 Kosoko da hakimansa, har da Tapa, suka ƙulla yarjejeniya da sabon jakada, Benjamin Campbell: sun bar neman gadon Ikko, Ingila ta amince Palma tasharsu ce, za a riƙa ba Kosoko wuri miliyan huɗu duk shekara, keso ɗari biyu ke nan a lissafin kakanninmu, ko kuwa dala dubu. Mayaƙan jiya suka koma fataucin manja.

A 1862 Gwamna Freeman ya yarda su dawo gida. Ba duka suka yarda ba. Posu, ɗaya daga manyan mayaƙan Kosoko, ya tsaya a Epe har sai da aka kai masa yaƙi a shekarar da ta biyo. Kosoko ya koma Ereko, ya bar wa Ingila Lekki da Palma a kan fansho na fam ɗari huɗu a shekara. Tapa kuwa aka ba shi fili a gabashin tsibirin, ya yanka gidaje ashirin da ɗaya ya zuba mutanensa. Wurin ne Epetedo, ma'ana mazaunin waɗanda suka dawo daga Epe.

Abin mamaki, mutumin da ya buɗe wa jiragen Ingila wuta shi ya zama na hannun daman Gwamna John Glover, har ana cewa Glover ba ya fara wani babban aiki a gari sai ya ji ta bakinsa. Glover ɗin nan tarihinsa ya taɓa namu ta wuri biyu. Shi ya tara Hausawa, yawancinsu bayin da suka gudo daga iyayen gijinsu, ya kafa rundunar 1863 wadda ita ce tushen sojan Najeriya. Shi ne kuma a 1867 ya yanka filaye a nan Ebute Metta ya zaunar da Kiristocin Egba da suka gudo daga Abeokuta. Kafin nan wurin gonaki ne da mashigan kwale-kwale na mutanen Oloto, sunan ma ma'anarsa mashigai uku. Jirgin ƙasan da ya kawo iyayenmu sai bayan shekara talatin aka fara shimfiɗa masa dogo.

Tapa ya rasu a 1868, shekara huɗu kafin Kosoko. Kabarinsa na Epetedo, a titin Oshodi, an gina hasumiya a kansa. Gidaje ashirin da ɗayan nan bayinsa da barorinsa ya ɗora a kansu, waɗanda ake kira arota, kuma bayan rasuwarsa sunayen shugabanninsu aka rubuta a takardun fili na gwamnati. Daga nan shari'a ta tashi tsakanin jikokinsa na jini da jikokin bayinsa kan wa ke da ƙasar. Ta kai har kotun ƙoli ta masarautar Ingila a Landan a 1930, ba ta kuma lafa ba sai da gwamnatin mulkin mallaka ta yi wa filayen Epetedo doka tasu ta kansu a 1947.