Snorri Sturluson: Ɗan siyasar da ya zana taswirar duniyoyin Odin, aka kashe shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa

A daren 23 ga Satumban 1241, mutum kusan 70 ɗauke da makamai suka dira gidan Reykholt a yammacin Iceland. Maigidan, dattijo mai kimanin shekara 62, ya tashi daga barci ya tsere zuwa wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa. Can mutum biyar suka iske shi, suka sare shi. Jagoran harin shi ne Gizur Thorvaldsson, wanda ya taɓa auren 'yar dattijon, kuma ya zo ne da wasiƙar Sarkin Norway a matsayin hujja.

Wanda aka kashe shi ne Snorri Sturluson. Duk wanda ya san Asgard, ko da ta finafinan Thor ne, ya ci moriyar alƙalaminsa, domin littafinsa mai suna Edda ne ya fi kowane tsara bayanin yadda mutanen arewacin Turai na dā suka ɗauki sammai da ƙassai.

An haife shi a 1179 a Hvammur. Rigimar shari'a ce ta share masa hanyar ilimi: don a lallashi mahaifinsa Sturla, sai Jon Loftsson, hakimin da ya fi kowa faɗa a ji a ƙasar, ya karɓi riƙon yaron yana ɗan shekara uku. A gidan Jon da ke Oddi, cibiyar karatu ta wancan zamani, ya koyi doka da tarihi da waƙa. Dukiya kuwa ta aure ya same ta. Ya auri Herdis, 'yar wani attajirin limamin coci, a 1199, ya gaji gonar Borg, sannan ya bar matar a can ya koma Reykholt wajen 1206. A 1224 ya haɗa dukiyarsa da ta Hallveig Ormsdottir, macen da ta fi kowace arziki a ƙasar. 'Ya'yansa mata ma ya mayar da su igiyar ƙulla ƙawance, yana aurar da su ga manyan hakimai.

Iceland ta lokacin ba ta da sarki. Majalisa ce ke zama kowace bazara a Thingvellir, wato Althing, tana yin doka tana yanke hukunci, amma babu rundunar da za ta zartar. Wanda ya ci shari'a shi zai nemo mayaƙan da za su ƙwato masa haƙƙinsa. Snorri ya riƙe muƙamin mai karanta doka, mafi girma a majalisar, daga 1215 zuwa 1218, ya sake riƙewa daga 1222 zuwa 1231.

Tsakanin wa'adin biyu ya tafi Norway, inda Hakon ke sarauta yana yaro, Skuli kuma na riƙe da ragamar mulki. Ya wasa su da waƙa, suka ba shi muƙamin fada. Lokacin da fadar ke shirin tura jiragen yaƙi Iceland, ya shawo kanta da alkawarin zai jawo 'yan ƙasarsa su yi mubaya'a cikin lumana. Ya dawo gida a 1220, bai tsinana wani abin kirki kan alkawarin ba. Ko dabarar ceton ƙasa ce ko cinikin da ya kasa cikawa, har yau masana na jayayya.

A wannan tsakanin ya rubuta Edda. Ƙasar ta karɓi Kiristanci tun wajen shekara ta 1000, shi kansa Kirista ne. Waƙar fada ce ta dame shi. Mawaƙan dā ba sa kiran abu da sunansa, kirari suke yi masa da labaran alloli, kuma matasa sun fara kasa warware kirarin. Sai ya rubuta musu littafin koyo, ya kuma kare kansa tun a gabatarwa da cewa allolin nan mutane ne da suka yi ƙaura daga Troy, jama'a suka ruɗu suka bauta musu.

A taswirarsa, farko akwai wani wawakeken fili, Ginnungagap, tsakanin Niflheim ta ƙanƙara a arewa da Muspell ta wuta a kudu. Inda zafi ya haɗu da sanyi ƙato Ymir ya samu. Odin da 'yan uwansa biyu suka kashe shi, suka yi ƙasa da namansa, teku da jininsa, sama da ƙoƙon kansa. Ƙattai aka kora zuwa gaɓar duniya, aka kewaye mazaunin 'yan Adam da ganuwa, aka kira shi Midgard. Alloli suka gina Asgard, bakan gizo Bifrost ta zama gadarsu. Bishiyar Yggdrasil ce ta haɗa komai da saiwoyi uku, maciji na gwaguyar ɗaya daga ƙasa. Mutuwa ma an raba mata gida: wanda ya faɗi a fagen fama ya nufi Valhalla, wanda cuta ko tsufa ya ɗauke ya gangara wurin Hel. Ya ambaci duniyoyi tara, amma bai jera sunayensu ba; jerin da ke yawo a intanet haɗin masu nazari ne na baya.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne yawan ganuwa da karya alkawari a labarin. Ganuwar Asgard kanta wani ƙato ne ya gina bisa yarjejeniya, alloli suka yi masa maguɗi don kada su biya, Thor ya fasa masa kai. Allolin kuma sun san Ragnarok na tafe, ranar da wutar Muspell za ta cinye komai. Labaran sun girmi Snorri, sai dai wuya a ce mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin sulhun da ake rantsewa a warware bai ga ƙasarsa a ciki ba.

Daga cikin gida ɓarakar ta fito. Sarki Hakon ya gaji da jira, ya juya ga ɗan wan Snorri, Sturla Sighvatsson, wanda ya ƙwace Reykholt a 1236. Snorri ya koma Norway a 1237, ya raɓi Skuli a daidai lokacin da ya ɓata da sarki. Da labari ya zo cewa Gizur da Kolbein sun kashe Sturla da mahaifinsa a yaƙin Orlygsstadir na 1238, sai ya hau jirgi zuwa gida a 1239, duk da sarki ya hana. Skuli ya yi tawaye, aka kashe shi a 1240. Wasiƙar Hakon ta ba Gizur zaɓi biyu, ya aiko da Snorri Norway ko ya kashe shi. Gizur bai gwada na farko ba.

Kusan duk abin da aka sani game da daren ya fito ne daga rubutun wani ɗan ɗan'uwansa, Sturla Thordarson, wanda daga baya fadar Norway ta ba shi aikin rubuta tarihin Hakon. Sarkin ya yi iƙirarin mallakar dukiyar mamacin bisa hujjar cewa bafadensa ne da ya saɓa umarni. Tsakanin 1262 da 1264 hakiman Iceland suka yi wa sarautar Norway mubaya'a, Gizur yana riƙe da muƙamin wakilin sarki. Ƙasar ba ta zama jamhuriya mai cikakken 'yanci ba sai 1944.