Muhammadu Bello: Sarkin Musulmin da ya yi rubutu kan basir

An haifi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a 1781, ya zama Sarkin Musulmi a 1817. An fi tuna shi da yaƙi da mulki, ba a cika ambaton rubuce-rubucensa na magani ba. Alhali ya wallafa kan ciwon ido, da basir, da amfanin filasko, ganyen da masu magani ke kasawa har yau a kasuwannin karkarar Kano.

Sanin tsirrai bai sa ya raina ilimin wasu ba. Da Baturen nan Clapperton ya ziyarce shi a Sakkwato a 1824, cikin abin da ya nema daga Ingila har da likita. Ya rasu a Wurno a 1837, likitan bai iso ba.